Kallon Namun Daji da Ɗaukar Hotonsu: Bayani ga Jama'ar Beli da Ƙasar Rogo da Karaye

Gabatarwa

Beli gari ne kuma mazaɓa a cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, a kudu maso yammacin Jihar Kano, yankin da ya yi iyaka da Jihohin Katsina da Kaduna. Mafi yawan jama'ar wannan yanki, tare da maƙwabtansu na Ƙaramar Hukumar Karaye, manoma ne da makiyaya da masunta, waɗanda rayuwarsu take haɗe da daji da fadama da ruwa. Saboda haka ba baƙi ba ne ga namun daji. Sai dai kuma duk wanda ya zauna da dattawan ƙasar nan zai ji sunayen dabbobi da tsuntsaye da yawa waɗanda yaran yau ba su taɓa sa su a ido ba, illa a cikin tatsuniya ko a gidan zu.

Manufar wannan shafi ita ce bayyana wa jama'ar karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi abin da ake nufi da kallon namun daji da ɗaukar hotonsu, da wuraren da ake yin sa a kusa da nesa, da ƙa'idojinsa, da kuma dokokin da suka shafe shi. Abin da ya rage mana na namun daji kaɗan ne, kuma ba a iya tsare abin da ba a san da zamansa ba. Gani da ido, da sanin suna, da ajiye hoto tare da kwanan wata, su ne matakin farko na kiyaye wannan dukiya.

Ma'anar Safari da Asalinsa

Kalmar safari, wadda ta yaɗu a duniya, daga harshen Suwahili na gabashin Afirka ta fito, shi kuma ya aro ta daga Larabci, inda take nufin tafiya. Asalinta ɗaya da kalmar safara ta Hausa. A zamanin mulkin mallaka, safari yana nufin tafiyar farauta da Turawa suke yi domin harbin giwa da zaki da ɓauna. Daga baya, da aka ga namun daji suna ƙarewa, sai kyamara ta maye gurbin bindiga. Ƙasar Kenya, alal misali, ta haramta farautar manyan namun daji a shekarar 1977, kuma a yau dazuzzukan Masai Mara na Kenya da Sarangeti na Tanzaniya suna daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shiga ga waɗannan ƙasashe, domin baƙi suna biyan kuɗi su ga dabbar da ranta. Hikimar ita ce, dabbar da aka harbe sau ɗaya ake cin ribarta, amma wadda aka bari ana iya kallonta shekara da shekaru.

Wannan sana'a ba ta rasa tushe a ƙasar Hausa ba. Maharbanmu na gargajiya sun daɗe da sanin karatun sawu, da bambance kashin dabbobi, da lura da inda iska take kaɗawa. Sukan ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna tafiya irin ta tsuntsun, har su kusanci barewa ba ta ankara ba. Haƙuri da natsuwar da maharbi yake bukata su ne mai ɗaukar hoto yake bukata. Bambancin kawai shi ne, mai hoto yana barin dabbar a inda ya same ta.

Abin da Ake Gani a Kusa da Gida

Ƙasar Rogo da Karaye tana cikin sashen jihar da ya fi arewacinta samun ruwan sama. Damina takan fara a wajen watan Mayu, ta ƙare a watan Oktoba. Mafi yawan ƙasar ta zama gonaki, amma har yanzu akwai itatuwan gona kamar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da gawo, akwai fadamu da rafuka, akwai kuma burtali da makiyaya. A waɗannan wurare ne sauran namun dajin yankin suke fakewa. Ƙananan dabbobin da aka saba gani a irin wannan ƙasa sun haɗa da zomo da kurege da bushiya da gafiya da tunku da damo da guza, sai kuma dila a wuraren da jama'a ba su yi yawa ba.

Amma babbar dukiyar yankin ta fuskar kallo ita ce tsuntsaye, musamman a bakin Madatsar Ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wajen Turawa. An kammala wannan madatsa a shekarar 1992, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, kuma tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Tafkin da ta tara, da laka da ciyawar da ke bayyana a gefensa idan ruwa ya ja da rani, suna jawo tsuntsayen ruwa irin su zalɓe da balbela da kirinjijiya da dinya. Akwai kuma ƙaramar madatsar Kusalla, ita ma a ƙasar Karaye.

Ana iya kasa tsuntsayen yankin gida uku bisa ga lokacin ganinsu:

1. Mazauna, waɗanda ake gani duk shekara, kamar kurciya da hasbiya da hankaka da cilakowa da fakara da zabon daji da mujiya.

2. Baƙin damina, waɗanda mafi shahara a cikinsu ita ce shamuwa. Takan iso daf da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sa'an nan ta koma gabashi da kudancin Afirka idan damina ta wuce. Shi ya sa manoma suke ɗaukar zuwanta alamar a shirya iri.

3. Baƙin rani, waɗanda suke gudo wa sanyin Turai da yammacin Asiya, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a tafkuna da fadamun Afirka ta Yamma daga wajen Oktoba zuwa Maris. A cikinsu akwai agwagin ruwa da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suke kiwo a cikin laka. Wani lokaci akan tarar da ɗan zobe a ƙafar irin waɗannan tsuntsaye, wanda masu bincike suka sa domin sanin hanyar da suke bi. Ba tsafi ba ne, kuma ba dalili ba ne na kashe tsuntsun.

Dajin Falgore

Ga mai son ganin daji na sosai a cikin Jihar Kano, Dajin Falgore shi ne wurin zuwa. Yana da kyau a yi bayani a nan domin kauce wa ruɗani: akwai mazaɓa mai suna Falgore a cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, amma dajin da ake magana a kansa yana kudancin jihar, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kimanin kilomita 150 daga birnin Kano. Mai tasowa daga Rogo ko Karaye yakan fita zuwa Kwanar Dangora a kan hanyar Kano zuwa Zariya, daga nan ya kama hanyar Tudun Wada, wadda ita ce take ratsa dajin zuwa Doguwa da Saminaka.

An fara keɓe wannan daji a ƙarshen shekarun 1940 da sunan Gandun Dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka ɗaga matsayinsa zuwa gandun namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Kogin Kano yana bi ta cikinsa kafin ya zuba a Madatsar Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974. Wannan shi ne ya sa amfanin dajin ya wuce na namun daji kawai: itatuwansa suna riƙe ƙasa, suna rage yashi da laka da ke gangarawa cikin madatsar da manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure suke dogara da ita. Itatuwan dajin sun haɗa da doka da maje da marke da kirya da kaɗanya, kuma ƙasarsa tana da duwatsu da kwazazzabai, musamman ta wajen Riruwai.

Dabbobin da aka rubuta samunsu a Falgore sun haɗa da gwanki da mazo da gada da gadu da gwaggon biri da jan biri da kura da dila. Gaskiyar magana ita ce manyan dabbobin sun ragu ƙwarai saboda farauta ba bisa ƙa'ida ba, da kiwo a cikin gandu, da saran itace domin gawayi, da ƙonon daji. Mai ziyara a yau ya fi sa ran ganin birai da tsuntsaye da sawun dabbobi a bakin ruwa fiye da garken manyan namun daji. Haka kuma, a shekarun 2010 dajin ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, abin da ya kai ga rundunar soja ta gudanar da atisaye a cikinsa a shekarar 2017, aka kuma ware wani sashe nasa domin horar da sojoji. A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da sanya Falgore cikin jerin sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, tare da Baturiya a Jihar Jigawa da Kogo a Jihar Katsina. Saboda waɗannan dalilai, ba a shiga dajin sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandu.

Sauran Wuraren Kallo a Arewa da Nijar

Yankari, Jihar Bauchi. Shi ne gandun da ya fi shahara a Nijeriya. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sa'an nan ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a ƙasar nan, da ɓauna da gwanki da gwambaza da dorina da kada, da kuma 'yan zakoki kaɗan. Da rani dabbobin sukan taru a bakin Kogin Gaji. A sansanin Wikki akwai masauki da maɓuɓɓugar ruwa mai ɗumi, wadda zafinta yake kan digiri 31 dare da rana.

Dausayin Hadeja da Nguru, Jihohin Jigawa da Yobe. Nan ne matattarar tsuntsayen ruwa mafi girma a arewacin Nijeriya, inda dubban baƙin rani suke sauka kowace shekara. Ya kamata mutanen Karaye su san cewa ruwan da ake saki daga madatsun Challawa da Tiga shi ne yake gangarawa ya zama Kogin Hadeja, ya shayar da wannan dausayi. Watau tsuntsayen Baturiya da na Turawa ruwa ɗaya suke sha.

Kure, Jamhuriyar Nijar. A wannan yanki, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ake samun raƙuman dawa na Afirka ta Yamma na ƙarshe da suka rage. A shekarar 1996 ba su kai 50 ba, amma saboda hana farauta da haɗa kai da mutanen ƙauyuka, yawansu ya wuce 600 kafin shekarar 2020. A 2018 aka kwashe guda 8 zuwa gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi domin kafa sabon garke. Abin lura shi ne, waɗannan dabbobi ba a cikin shinge suke ba, a tsakanin gonakin gero da wake suke yawo, kuma 'yan ƙauyukan ne suke yi wa baƙi jagora. Harin da aka kai wa masu ziyara a can a watan Agusta na 2020 ya rage zuwan baƙi ƙwarai, wanda ya nuna cewa wannan sana'a ba ta tsayawa sai da zaman lafiya.

Gidan Zu na Audu Baƙo, Kano. An kafa shi a farkon shekarun 1970. Ba daji ba ne, amma wuri ne da ɗalibai za su fara sanin siffar dabbobi, mai koyon hoto kuma ya gwada hannunsa.

Lokacin Fita da Ƙa'idojin Kallo

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, hanyoyi suka bushe, dabbobi kuma suka koma neman ruwa a wurare sanannu. A cikin yini kuwa, daga bayan sallar Asuba zuwa hantsi, da kuma daga La'asar zuwa faɗuwar rana. Da tsakar rana dabbobi sukan shiga inuwa su kwanta.

Ana shawartar mai fita kallo ya kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Ya sa tufafi masu launin ƙasa ko toka ko kore marar haske. Farar riga tana tona mutum tun daga nesa. Ya sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji, ya kuma guji turare.

2. Ya tafi yana fuskantar iska, domin yawancin dabbobi da hanci suke fara gane mutum.

3. Ya rage magana, ya kashe ƙarar waya. Zama wuri ɗaya na rabin sa'a a gindin itace kusa da ruwa ya fi yawo na sa'a biyu amfani.

4. Idan dabba ta daina kiwo ta ɗaga kai tana kallonsa, ko tsuntsu ya tashi daga sheƙa yana kewayawa da kuka, to ya matsa kusa fiye da kima, sai ya ja da baya. Ƙwai da aka bari a rana ba ya daɗewa yake lalacewa.

5. Kada ya ba birai abinci. Birin da ya saba da hannun mutum shi ne yake komawa ɓarna a gona da cizon yara.

6. A gandun da ke da giwa ko ɓauna ko dorina, kada ya sauka daga mota sai inda jagora ya ba da izini, kuma kada ya shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko tsakanin dorina da ruwa.

7. Kada ya bar leda ko kwalba ko guntun taba mai wuta a daji.

Dabarun Ɗaukar Hoto

Ba lallai ne sai da kyamara mai tsada ba. Wayar hannu ta wadatar wajen ɗaukar garken tsuntsaye a bakin ruwa, da sawu, da sheƙa daga nesa, da yanayin wuri. Abin da ya kamata a sani shi ne, jawo hoto da yatsa a kan allon waya yakan ɓata shi, gara a ɗauka yadda yake sa'an nan a yanke daga baya. Wanda yake da madubin hangen nesa yana iya ɗora idon kyamarar wayar a bakin madubin, ya sami hoton da zai isa a gane tsuntsu. Ga mai babbar kyamara kuwa, gilashi mai tsawon milimita 300 zuwa 400 shi ne aka fi amfani da shi, kuma tsuntsu mai tashi yana bukatar saurin ɗauka na kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye.

Haske shi ne jigon hoto. A sa rana a bayan mai ɗauka ko a gefensa. Hasken safe da na yamma yana da taushi, yana fito da launin gashin dabba, na tsakar rana kuwa yana ƙona launi, ya bar baƙar inuwa. Da hunturu, hazo yana dushe abin da ke nesa, don haka a irin waɗannan ranaku a mai da hankali ga abin da ke kusa. A tabbatar idon dabbar ya fito sarai, domin shi mai kallo yake fara nema. A durƙusa ko a zauna domin kyamara ta zo daidai da tsayin dabbar, a bar fili ta gefen da take fuskanta. Domin hana rawar hannu, a jingina da itace, ko a ɗora kyamara a kan 'yar jaka da aka cika da gero ko wake a bakin tagar mota, bayan an kashe inji.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kayan hoto a ƙasarmu. A riƙa ajiye kyamara a cikin jaka, kada a canza gilashi a cikin iska, kada kuma a goge shi da bakin riga, domin ƙwayar yashi tana karce shi. A tafi da batir na biyu, kada a bar waya ko kyamara a rana a cikin mota. Ba a amfani da walƙiyar kyamara a kan mujiya da sauran dabbobin dare, ba a sare reshe domin a buɗe sheƙa, ba a kuma ɗaure dabba ko jifan ta domin ta motsa.

Akwai ladabi game da mutane. Kada a ɗauki hoton makiyayi ko masunci ko mata a bakin rafi sai da yardarsu. Kada a ɗauki hoton shingen jami'an tsaro ko sansanin soja ko na'urorin madatsa. Tashi da ƙaramin jirgi marar matuƙi yana bukatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa da Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa.

Hoto a Matsayin Shaida

Hoton da yake ɗauke da kwanan wata da sunan wuri ya zama shaida. Misalin ungulu ya isa darasi. A da babu mahauta ko kasuwa a ƙasar Hausa da ba a ganin ungulu, har ba wanda yake kula da ita. Sannu a hankali ta ɓace daga garuruwa da yawa, saboda kama ta da ake yi ana sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu, da gubar da ake sa wa mushe, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN ta duniya ta sa ungulun gari cikin jerin halittun da suke daf da ƙarewa. Asarar ba ƙarama ba ce, domin ungulu ita ce take kawar da mushe kafin ya yaɗa cuta. A ƙasar Indiya, da ungulaye suka ragu ƙwarai a shekarun 1990 saboda wani maganin shanu, karnukan da ba su da iyayen gida sun yawaita, tare da ciwon haukan kare, har gwamnati ta haramta maganin ga dabbobi a 2006. Gauraka ma, wadda ake ajiyewa a manyan gidaje domin ado, ta yi wuyar gani a dajin Nijeriya. Da an riƙa rubuta yawansu shekara-shekara, da an farga da wuri.

A yau akwai hanyar yin haka. Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a shekarar 2015, inda aka yanka ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai masu kimanin kilomita 9 kowane gefe, 'yan sa-kai kuma suke aika sunayen tsuntsayen da suka gani ta waya. Akwai kuma manhajoji irin su eBird da iNaturalist da suke taimakawa wajen gane suna. Malamin makaranta a Beli ko Zarewa ko Fulatan yana iya shiga wannan aiki tare da ɗalibansa. Hoto yana kuma amfanar manomi kai tsaye: hoton garken jan baki a fadamar shinkafa, ko na sawun dabbar da ta yi ɓarna, yana sauƙaƙa wa malamin gona sanin matakin da zai ɗauka. Gargaɗi ɗaya shi ne, kada a bayyana ainihin wurin sheƙar ungulu ko gauraka a Facebook ko WhatsApp, domin masu kamu ma suna dubawa.

Doka, Tsaro da Lafiya

Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta shekarar 1963 ita ce tushen dokokin jihohin arewa kan farauta da gandun namun daji. A matakin tarayya an yi dokar 1985 da ta hana kamawa da fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 domin ƙara tsananin tara. Nijeriya tana kuma cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. A matakin jiha, Hukumar Kula da Gidan Zu da Namun Daji ta Jihar Kano da Ma'aikatar Muhalli su ne wuraren neman bayani da izini.

Kafin a fita zuwa kowane daji, a nemi labarin tsaro na wannan rana daga ofishin 'yan sanda da dagacin wurin, a sanar da iyali inda za a je, a tafi cikin rukuni, a dawo kafin Magariba. A kula da kububuwa da kasa, waɗanda suke kwanciya a cikin busasshiyar ciyawa. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi asibiti. A guji wanka a ruwan madatsa saboda tsargiya. Kada a taɓa mataccen tsuntsu, musamman idan an ga da yawa wuri ɗaya, domin murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihohin Kaduna da Kano tun shekarar 2006, sai a sanar da malamin dabbobi.

Abin da Ake Bukata daga Shugabanni da Jama'a

Hakimai da dagatai da masu unguwanni suna da rawar da ba wanda zai taka musu, domin su ne suka san itatuwan da tsuntsaye suke kwana, da tafkunan da ba sa ƙafewa, da mutanen da suke sa wa daji wuta domin kama gafiya. Ana bukatar su tsawatar a kan ƙonon daji, da sa guba a ruwa ko a mushe, da sare tsofaffin itatuwa domin gawayi, da cin iyakar burtali da gandu. Sashen gona na ƙaramar hukuma yana iya buɗe littafi guda, inda za a riƙa rubuta ranar zuwan shamuwa ta farko, da duk inda aka ga ungulu ko gauraka ko kura, tare da hoto idan akwai. Yana kuma da kyau a jawo Sarkin Baka da maharba cikin wannan aiki a matsayin jagorori da malamai, a rubuta sunayen dabbobi da tsuntsaye daga bakinsu tun suna raye, domin suna yakan ɓace tare da abin da ake kira da shi.

Ga iyaye da malamai kuwa, yaron da aka nuna wa sheƙar shamuwa aka gaya masa daga inda ta taso, da wuya ya ɗauki danƙo ya harbe ta. Da haka ake farawa. Duk mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar sashen gona da gandun daji na sakatariyar Ƙaramar Hukumar Rogo ko ta Karaye. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar ƙasar da Ya ba mu, amin.